Naira a Kan Allo: Abin da Na Koyar da Abin da Tarihi Ya Koya Mini

A watan Oktoba na shekarar 1986 ina tsaye gaban 'yan aji biyar, a wata makarantar sakandaren gwamnati ta kwana da ke wajen birnin Kano, sai wani yaro ya ɗaga hannu. Ɗan wani mai awon hatsi ne, ba shi da yawan magana, kuma ban taɓa lissafa shi cikin haziƙan ajin ba. Ya miƙe ya ce, "Malam, bara Naira ɗaya da Dala ɗaya kusan kunnen doki suke. Yanzu na ji a rediyo an ce sai an ba da Naira huɗu da 'yan kai kafin a sami Dala ɗaya. Ga shi takardar ba ta canja ba, hoton da ke jikinta ma yana nan. To Malam, ina sauran darajarta ta tafi, kuma wa ya ɗauka?"

Ajin ya yi tsit. Shekarata bakwai ke nan ina koyar da darasin tattalin arziki, wanda yara ke kira Ekonomiks, kuma ina ganin kaina gwani. Na juya ga allo na zana layuka biyu masu gittawa, ɗaya na buƙata, ɗaya na samuwar kaya, na ce idan masu neman Dala suka fi Dalar da ke akwai yawa, dole ta yi tsada. Yaron ya kwafe zanen a littafinsa saboda ladabi, ya zauna. Amma ni da shi duk mun san ban amsa tambayarsa ba. Neman amsar ya ɗauke ni shekaru, kuma ya bi da ni ta cikin tarihin ƙasar nan har ya dire ni a gonar mahaifina.

Manhajar darasin kashi biyu ce. Kashi na farko yana duban mutum guda, gida guda, kanti guda: me ya sa tumatir ke arha da rani, yaya ɗan kasuwa ke yanke farashi. Wannan ba ya ba yaranmu wahala, don ɗan Kano da ciniki a bakinsa yake tashi. Kashi na biyu shi ne mai duban ƙasa ɗungurungum: jimillar abin da take samarwa a shekara, hauhawar farashi, rashin aikin yi, kasafin kuɗin gwamnati, aikin babban banki, da canjin kuɗi tsakanin ƙasashe. A nan ake yin ta. Wannan reshe na ilimi yana da ranar haihuwa da mahaifa. A shekarun 1930 tattalin arzikin Turai da Amurka ya durƙushe, masana'antu suka rufe, miliyoyin mutane suka rasa aiki, sai wani masani ɗan Ingila, John Maynard Keynes, ya fitar da littafinsa a 1936 yana bayanin yadda ƙasa mai injuna da ma'aikata za ta iya zama zaune ba ta aiki, da abin da gwamnati za ta yi ta tayar da ita. Daga wannan damuwa aka gina abin da ya iso makarantunmu na sakandare a tsakiyar shekarun 1960, ta hannun hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma.

Ilimin ya zo mana da kayan da aka ɗinka masa a can. Mutumin da ke cikin littafin ma'aikaci ne mai albashin wata, yana ajiya a banki, banki yana ba mai masana'anta rance. Yaran da ke gabana kuwa galibinsu 'ya'yan manoma ne, waɗanda kuɗi ke shiga gidajensu sau ɗaya a shekara, da kaka, kuma ajiyarsu rumbu ne da akuya. Sukan haddace ma'anar tattalin arziki da Lionel Robbins ya bayar a 1932 kamar karatun allo, su zubo ta ranar jarrabawa ba tare da kuskuren waƙafi ba. Babu littafin da ya gaya musu cewa wannan durƙushewa ta shekarun 1930 ta iso har ƙauyukan kakanninsu, lokacin da farashin gyaɗa ya faɗi warwas alhali haraji na nan, kuma da tsabar kuɗin Bature ake biyansa. Ni ma a lokacin ban haɗa biyun ba.

Ni ɗan gyaɗa ne. An haife ni a wani ƙauye gabas da Kano a farkon shekarun 1950, kuma kuɗin makarantata, da rigar sallata, da sadakin aurena na fari, duk daga gyaɗa suka fito. Tarihinta a ƙasar Kano sananne ne. Layin dogo ya iso birni a 1911. Turawa sun sa ran auduga za su kwasa, sai manoma da fatake suka duba farashi suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma tun daga kakar 1912 buhuna suka cika tashar jirgi. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shiga tsakanin manomi da kamfanonin Turawa, dalar gyaɗa ta zama tambarin Kano, har Nijeriya ta kai matsayin ƙasar da ta fi kowace fitar da gyaɗa a duniya a shekarun 1960. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda ake sayen ta. Daga 1949 hukumar cinikin gyaɗa ce kaɗai ke da ikon fitar da ita waje, daga 1954 kuma aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Hukumar ce ke yanke farashin da za a biya manomi tun kafin kaka, kuma a mafi yawan shekaru farashin yana ƙasa da na kasuwar duniya da tazara mai yawa. An ce rarar za a ajiye ta ne don ranar da farashi zai faɗi. A aikace, da ita aka yi hanyoyi da makarantu da masana'antu, wani kason kuma ya bi ta inda kuɗin hukuma kan bi. Haraji ne na biyu a kan manomi, wanda ba ya zuwa da takarda. Ba na cewa duk an yi asararsa. Ni kaina a makarantar da irin wannan kuɗi ya gina na yi karatu. Amma ya kamata a san aljihun da ya fito.

Na fara aiki a matsayin malamin firamare a 1973, shekarar da aka haifi Naira. Ranar 1 ga Janairu aka ajiye fam da sule da tsohon kwabo, fam ɗaya ya zama Naira biyu. A watan Oktoba na shekarar yaƙi ya ɓarke tsakanin Larabawa da Isra'ila, kuma cikin 'yan watanni gangar ɗanyen mai ta tashi daga wajen Dala 3 zuwa wajen Dala 12. Kuɗi ya kwararo wa gwamnatin Janar Gowon irin wanda ba ta taɓa gani ba. Kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, aka ƙara wa ma'aikata albashi, na ƙananan ma'aikata ya ninka, aka kuma biya bashin watanni tara a dunƙule a farkon 1975. Ina cikin waɗanda suka karɓa. Na sayi babur da rediyo mai kaset, na shiga ƙauyenmu ina tayar da ƙura, yara na bina a guje. A wannan shekara hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. A wannan shekara ce jiragen ruwa fiye da 400, galibinsu ɗauke da siminti, suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas suna jiran wurin sauke kaya. A wannan shekara ce kuma cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta cinye gonaki a faɗin Arewa, bayan farin 1972 zuwa 1974 ya riga ya karya manoma. Daga nan gyaɗar Nijeriya ba ta sake komawa kasuwar duniya da ƙarfinta ba.

Bayan na ƙaro karatu a kwalejin horon manyan malamai, na koma koyarwa a sakandare a 1979. A shekara ta gaba Naira ɗaya tana sayen kusan Dala 1.80. Nakan rubuta wannan adadi a saman allo da manyan baƙaƙe, in ja masa layi biyu, in ce wa yara su dubi ƙarfin ƙasarsu, kuɗinmu ya fi na Amurka. Idan kuma muka zo babin noma, inda manhaja ke son a lissafa dalilan koma-bayan amfanin gona, nakan ba su jerin da ke cikin littafi: fari, cututtuka, rashin kayan aikin zamani, ƙaura zuwa birane. Sannan in ƙara nawa daga aljihuna, da murya mai kaushi irin ta saurayin da ya yi boko: lalaci. Nakan ce manomanmu sun ga kuɗin banza sun watsar da fartanya, kowa so yake ya zo birni ya yi gadi ko ya tura baro. Yara suka rubuta. Shekara bakwai ina faɗin haka, aji bayan aji, ga 'ya'yan mutanen da nake zagi.

Mahaifina ya ba ni amsa tun kafin a yi mini tambayar, ni ne ban ji ba. Wani hutun damina, wajen 1981, na tarar ya shuke gonar da muka saba yi wa gyaɗa da gero da wake. Da yake ni ɗan fari ne ba ya kiran sunana, sai dai ya ce "Malam", rabi girmamawa rabi zolaya. Na ce, "Baba, yanzu gyaɗar ma an bar ta ke nan? Ƙasa fa da ita ta dogara." Ya daɗe yana gyara ƙotar fartanyarsa kafin ya ce, "Malam, zauna ka yi mini lissafi, tunda kai ne mai alƙalami. Da, kuɗin buhu ɗaya yakan biya mini 'yan ƙwadago na kwanaki. Yanzu yaron da zai yi mini noma ya tafi Kano ɗaukar bulo, abin da ake ba shi a yini ni ba zan iya ba. Gishiri ya tashi, kananzir ya tashi, turmin atamfar uwarka ya tashi. Kuɗin gyaɗa kuwa tafiyar hawainiya yake. Ga man gyaɗa na gwangwani da ake kawowa daga waje, ya fi wanda matan gidan nan ke matsewa arha. In na shuka gero, ko bai yi kuɗi ba, mun ci." Na yi murmushi irin na wanda ya san abin da tsoho bai sani ba, na ce ai sai an yi haƙuri an yi kishin ƙasa. Bai ƙara cewa komai ba.

Daga nan abubuwa suka fara juyawa da sauri. Farashin mai ya soma sauka, gwamnatin Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a watan Afrilun 1982, shigo da kaya ya koma sai da lasisi, kuma takardar lasisin kanta ta zama hajar sayarwa. Sojoji suka karɓi mulki a ƙarshen 1983. A watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin takardun kuɗi, ta rufe iyakoki, ta ba mutane ƙasa da mako biyu su canja abin da ke hannunsu. Muka sha layin madara da sukari da sabulu. Janar Babangida ya zo a 1985 ya buɗe muhawara a kan karɓar bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Jama'a suka ce ba sa so, ya ce ya ji, sannan a tsakiyar 1986 ya ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, wanda ya ƙunshi kusan duk sharuɗɗan da Asusun ya nema. A ƙarshen Satumba aka fara gwanjon Dala, Naira ta faɗi, kuma bayan 'yan kwanaki ɗan mai awon hatsi ya ɗaga hannunsa.

Na yi ta neman amsa. Na riƙa zuwa ɗakin karatu na jami'a ranar Asabar, na kuma riƙa zama da 'yan canji a Wapa, waɗanda suka fahimci abin fiye da yawancin masu digiri da na sani. A wajensu na fara gane cewa farashin da nake rubutawa a allo farashin gwamnati ne, wanda sai mai hanya ke samun Dala a kansa. A kasuwar bayan fage Naira ta daɗe da faɗuwa kafin a sanar a rediyo. A littattafai kuma na tarar da sunan abin da mahaifina ya bayyana mini. Masana na kiransa cutar Holan, sunan da mujallar The Economist ta raɗa a 1977, saboda abin da ya sami masana'antun ƙasar bayan ta gano iskar gas.

Ga yadda na riƙa bayyana shi ga yara daga baya, da adadi na misali kawai. A ce ana sayen tan ɗaya na gyaɗa Dala 500 a Turai. Idan Naira ɗaya tana daidai da Dala biyu, abin da zai iso gida Naira 250 ne, tun kafin hukuma da dillali da mai mota su cire nasu. To, kuɗin mai ya shigo, gwamnati tana ta kashewa, ladan ɗan ƙwadago da farashin komai na cikin gida ya ninka sau biyu, sau uku. Amma Bature bai ƙara ko sisi a kan Dala 500 ɗinsa ba, don yana iya saye a Senegal ko Amurka, kuma Babban Banki ya riƙe canji a inda yake. Manomi yana nan da Naira 250, kuɗin noma kuwa ya ninka. A ɗaya gefen, wanda ya sami Dala a farashin gwamnati yana shigo da shinkafa da man girki da alkama a rabin kuɗinsu, ya kashe wa manomin kasuwar gida ma. Ashe adadin da nake ja wa layi biyu a saman allo, da dalilin da nake nema a babin noma, abu ɗaya ne. A rubuce kalmar ma ɗaya ce: dalar gyaɗa ta rushe ne a shekarun da Dalar mai ta yi yawa. Fari da cuta sun kayar da gyaɗa, wannan gaskiya ne, amma manomi ya sha faɗuwa a baya yana tashi. Abin da ya hana shi tashi a wannan karo lissafi ne, kuma lissafinsa daidai yake.

Amsar yaron ke nan. Darajar ba a jikin takardar take ba. Dalar mai ce ke tallafe da ita, kuma kuɗin da Nijeriya ke samu daga mai ya sauko daga kimanin Dala biliyan 25 a 1980 zuwa ƙasa da biliyan 7 a 1986. Game da wanda ya ɗauka kuwa, an daɗe ana ɗauka. Shekara goma ana cire ta daga hannun mai noma abin sayarwa waje, ana miƙa wa mai lasisin shigo da kaya, da mai zuwa Landan sayayya, da ma'aikaci irina mai babur da rediyo. A 1986 aka juya akalar, sai mu masu albashi muka fara biya. Yaron ya gama makaranta kafin in haɗa wannan bayani. Ban sake ganinsa ba.

Tun daga lokacin na sauya yadda nake shiga wannan kashi na manhaja. Na daina farawa da ma'anoni, na koma farawa da wuri. Nakan tambayi yara jam'in kalmar "wuri", su yi ta laluba, kafin in gaya musu cewa "kuɗi" ne. Tarihin Kano da aka rubuta ya nuna cewa wuri ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, a farkon ƙarni na 18. Asalinsa daga tsibiran Maldibs ne, a tekun Indiya, kuma nisan tafiyar da wahalar kawo shi su ne suka tsare darajarsa. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da shi a kan riyal ɗaya na azurfa. A daidai wannan zamani 'yan kasuwar Hambug ta Jamus suka gano cewa akwai wani irin wuri mai arha a gaɓar Zanzibar, suka riƙa cika jirage da shi suna saukewa a Legas da Wida. Wuri ya yi yawa, darajarsa ta zube, ta fara daga bakin teku ta hauro Arewa, har ya zama kafin ƙarshen ƙarnin ana ba da ninkin abin da Barth ya gani, kuma a tafiya mai nisa ladan ɗan dakon buhun wuri yana iya cinye abin da ke cikin buhun. Harshenmu ya adana ragowar wannan zamani. Jaka, wadda ta zama fam 100 sannan Naira 200, daga buhun kuɗi ta samo suna, kuma dattawa na kiran rabin kwabo "ɗari" saboda wuri ɗari yake.

Na sayi wuri cike da gwangwani a wajen masu kayan koli. Nakan raba wa kowane yaro goma, in ajiye dabino ashirin a kan tebur, in yi gwanjonsu ɗaya bayan ɗaya, wani yaro yana rubuta farashi a allo. Sai in karɓe komai, in sake raba wuri ashirin ashirin, dabino yana nan ashirin. Ba a taɓa yin zagaye na biyu farashi bai yi kusan ninkawa ba, kuma ba a taɓa yi wani yaro bai yi ihu ya ce "Malam, ai Udoji ke nan!" ba, ko da an haife shi bayan Udoji, don sunan ya zauna a bakin iyayensu. Bayan wannan ne nake rubuta lissafin Irving Fisher na 1911, mai danganta yawan kuɗi da farashi, kuma a lokacin ba ya ba kowa tsoro. Wani zubin nakan ba yara biyar na gaba ƙarin wurin su kaɗai, kafin sauran. Su suke kwashe dabino da arha, na baya su tarar da tsada. Wannan zagaye na uku ya fi sauran tayar da hayaniya, kuma a ganina shi ya fi kama da abin da ke faruwa a ƙasa.

Kada a ɗauka na fita daga wani kuskure na faɗa cikin wani, wato na koma mai wa'azin karya darajar Naira. Littafi ya ce idan kuɗin ƙasa ya faɗi, kayan da take fitarwa za su yi arha a waje, noma da masana'antu su farfaɗo. An rushe hukumomin ciniki a 1986, kuma manoman koko a Kudu sun ga canji a aljihunsu. Amma dalar gyaɗa ba ta dawo ba. Masu saye a Turai sun riga sun koma ga waken soya da wasu mayuka, jama'armu ta ƙaru har abin da ake nomawa a gida ake cinye shi, damina ta gajarta. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Kakuri, waɗanda aka gina su a kan Dala mai arha, da injuna da kayan gyara da sinadarai duk na waje, suka shiga rage ma'aikata. Ƙarin kuɗin fetur daga kwabo 39.5 zuwa kwabo 42 a watan Afrilun 1988 ya jawo zanga-zangar da ta faro daga Jos, a 1989 kuma aka yi wadda ta fi ta muni. A 1995 hauhawar farashi ta wuce kashi 70 cikin ɗari. Babur ɗin Udoji na sayar da shi a cikin waɗannan shekaru, na koma keke, kuma malamai da yawa da na sani sun bar aji sun kama kasuwa. Gina abu yana ɗaukar shekara sittin, rushe shi shekara goma, kuma mayar da farashi inda yake ba ya mayar da abin da ya rushe. Layuka biyu masu gittawa ba sa nuna wannan, don ba su da jiya.

Maƙwabtanmu ma sun ba ni darasi guda. A watan Janairun 1994 aka rage darajar Sefa da rabi a dare ɗaya. Ina da ɗalibai 'yan kan iyaka, masu dangi a Maraɗi da Damagaram, kuma da suka dawo hutu su suka bayyana wa ajin yadda akalar shanu da hatsi da atamfa ta juya a kasuwannin iyaka cikin 'yan makonni. Ranar ban yi magana da yawa ba. Da Hausa aka yi bayanin, kamar yadda duk wani bayani da ya taɓa shiga kan yaro a ajina da Hausa ya shiga, ko da yake doka ta ce da Ingilishi za a koyar, kuma wani mai duba makarantu ya taɓa rubuta mini gargaɗi a kan haka. Nakan ba su abin da Hausa har su gane, sannan in ba su Ingilishin da za su kai wa mai jarrabawa. Ban ga wanda ya faɗi saboda wannan ba.

Mahaifina ya rasu a 1991. Na sami zarafin gaya masa cewa lissafinsa ya fi nawa, wata rana da yamma a zaure. Ya dube ni kamar bai tuna da zancen ba, ya ce, "To, Malam, ai dama ba gardama muka yi ba." Na yi ritaya a 2008. Na ga an yafe wa Nijeriya bashin Dala biliyan 18 a 2005, na ga an sake lissafin arzikin ƙasa a 2014 aka wayi gari mun fi kowa a Afirka ba tare da tukunyar kowa ta ƙara nauyi ba, na ga layin banki na farkon 2023 lokacin da aka sake fasalin Naira takardar kuɗi ta ɓace, na kuma ga Dala ta haura Naira 1,500 a 2024. Jikokina suna kawo mini littattafansu na makaranta, kuma jerin dalilan koma-bayan noma yana nan kusan yadda na bar shi, canjin kuɗi a wani babi, noma a wani.

Bara na je ɗaurin aure a cikin birni. Bayan an shafa fatiha wani mutum mai furfura a gemu, cikin babbar riga mai aiki, ya ratso jama'a ya durƙusa ya gaishe ni. Ɗalibina ne na 1982, ya daɗe yana aiki a wata ma'aikatar gwamnati, har ya kai matsayin da ake jin maganarsa idan ana tsara abin da za a yi wa manoma. Ya riƙe hannuna da hannu biyu yana gabatar da ni ga abokansa. Ya ce, "Wannan shi ne malaminmu na Ekonomiks. Malam, wallahi har yau ban manta da abin da ka koya mana ba, ko a taro nakan faɗa. Ka ce ba komai ya kashe gyaɗa ba sai lalacin mutanenmu."

Na ce masa, "Alhaji, ina son ganinka, akwai gyara a wannan darasi." Ya yi dariya, yana tsammanin wasa nake, ya ce duk ranar da na ga dama ƙofarsa a buɗe take. Aka kira shi gaisawa da waɗansu baƙi, ya saka mini kuɗin mota a aljihu ya wuce. Na je ofishinsa sau biyu ban same shi ba. A karo na uku na bar masa takarda mai shafi huɗu a hannun sakatarensa, da lissafin tan ɗaya na gyaɗa a kan Dala 500.